Farar Motar Don Froilán

Warin giya ne ya tari Nélida tun kafin ta gama tura ƙyauren garejin. Ta tsaya da kwalin sabbin sosunan goge fenti a hannu, ta dubi ciki.

Motar tana nan inda ta bar ta jiya da yamma, ƙatuwar fara mai ƙyalli, sai dai an yi mata kwalliya ta kece raini. An naɗe madubanta da dogayen zaren takarda ja da shuɗi da ruwan hoda, an shimfiɗa wasu a kan bonet, an watsa mata furanni har rufi, kuma komai a jiƙe yake da giya. Rana ta ratso kwanon roba na rufin garejin ta sauka daidai kan bonet ɗin, takardun sun fara bushewa suna manne wa fenti.

Mahaifiyarta, Doña Casilda, tana durƙushe gaban injin feshin ruwa, hularta a karkace, tana tsiyaya masa giya tana motsa baki.

"Mamita, me kika yi?"

"Au, kin iso?" Tsohuwar ta ɗago da fara'arta. "Tun ƙarfe bakwai nake nan. Maƙwabta duk sun gama, ke ko alamarki babu. Na ce bari in rage miki aiki."

Ranar Talatar ch'alla ce, ranar da kowa a birnin El Alto yake yayyafa wa Pachamama, Uwar Ƙasa, giya a kan duk abin da yake ci da shi, daga gida zuwa shago zuwa keken ɗinki. Mu nan, mutum ya fi yarda ya manta ranar haihuwarsa da ya tsallake wannan Talatar. Nélida ma ba ta manta ba. Abin da ya sa ta kira mahaifiyarta jiya ke nan, ta maimaita mata har sau uku.

"Ban ce miki ƙofa da kayan aiki kawai ba? Ban ce kada ki taɓa motar nan ba?"

"Kin ce. Amma abin da ya kwana ƙarƙashin rufinki ai baƙonki ne. A shayar da kowa a bar baƙuwa da ƙishi? Wa ya taɓa yin haka?"

Nélida ta ajiye kwalin. Awa tara ta kwashe jiya tana shafa wa motar nan seramik, ruwan kariyar da yake daskarewa a kan fenti ya zama kamar gilashi. Kafin ya daskare sai ya yi kwana bakwai, kuma a kwanakin nan ko raɓa ba a so ta sauka masa. Ta kama bakin wata jar takarda da yatsu biyu ta ɗaga a hankali. Takardar ta tashi, janta ya zauna: dogon layi tun daga gilashin gaba har kan fitila. Ta jiƙa tsumma da sifirit ta goga. Layin ko gezau bai yi ba.

Da motar wani ce, da sauƙi. Ta Don Froilán Huanca ce, shugaban ƙungiyar direbobin ƙananan bas na unguwarsu, mutumin da motoci ɗari biyu suke bin maganarsa. Shekara bakwai Nélida tana wannan sana'a a layin da duk maza ne, tana jin ana cewa hannun mace na wanke kwano ne. Ranar da Don Froilán ya miƙa mata makulli, a gaban direbobinsa ya yi magana, kuma da ƙarfi: idan aikin ya yi kyau, kowa zai ji daga bakinsa, idan ya ɓaci ma kowa zai ji. Sunanta ne a kan wannan bonet ɗin, kuma ƙarfe huɗu zai zo ɗaukar motarsa.

"Wanke shi da ruwan ɗumi mana," in ji Doña Casilda, ta matso tana naɗe hannun rigarta. "Bari in..."

"Kada ki taɓa." Muryar Nélida ta fito da kaifin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Me kika sani a aikin nan? Wannan ba tukunyar miyarki ta tasha ba ce. Shekara bakwai nake ginin abin nan, kin zo da kwalba biyu kin rushe min shi kafin hantsi. Ki fita, Mamita. Ki fita ki bar ni."

Tsohuwar ta tattara kwalabenta cikin zanen goyonta, ta ɗaure a ƙirji, ta gyara hula ta fita. Nélida ta san maganar ta yi zafi, amma agogon bango ya ce sha ɗaya saura kwata, ba ta da lokacin nadama.

Hanya ɗaya ce: ta cinye seramik ɗin jiya da injin goge fenti, ta bi launin har inda ya nutse, sannan ta sake shafawa. Ta ɓare takardun ɗaya bayan ɗaya, ta wanke giyar, ta busar. Ƙofofi da madubai ba su sha rana ba, tabonsu sama-sama ne. Bonet ne ya gasu. Ta ɗauko 'yar na'urar auna kaurin fenti ta ɗora a tsakiya, ta nuna tamanin da biyar. Ta ɗora a gefe, saman fitilar hagu, ta nuna hamsin da shida. Motar ta hannu ce, kuma wani maras tausayi ya riga ya ci fatar saman fentin da inji kafin a sayar wa Don Froilán. A wannan gefen, abin da ya rage bai kai kaurin bawon albasa ba.

Tana cikin ɗaura soso a kan inji sai ga Severo mai faci, maƙwabcinta, ya leƙo. Dattijo ne mai tumbi, wuyansa cike da zaren takarda, kumatunsa a kumbure da ganyen koka.

"Maestra," ya ce, yadda ake kiran gwanar sana'a a nan, "me kika yi wa tsohuwa? Ga ta can kan tayoyina ta zauna, na ba ta giya ta ƙi, na ba ta labari ta ƙi." Idonsa ya sauka kan bonet, ya daina tauna. "To fa. Wannan ba ta sarkin masu baki ba ce?"

"Tashi ce."

"Ki sayar da injinki tun da wuri, ƙanwata. Ina neman mai riƙe min tiyon iska."

"In ba za ka taimaka ba, Severo, ƙofa na bayanka."

"Ni da na zo jaje?" Ya tofar da ganyen a waje, ya goge hannu a wando. "Me zan riƙe?"

Ta ba shi fitilar duba fenti, ta nuna masa yadda zai karkata ta. Inji ya ɗauki kuka. A waje gari ya rikice da ƙarar nokawut da ganguna da bushe-bushe, kowane gida da nasa, a ciki kuwa Nélida ba ta jin komai sai kukan injinta. Tana bin fentin taki ɗaya bayan taki ɗaya, ta goga, ta share, ta auna, ta sa bayan hannu ta ji ko ƙarfen ya yi zafi. Shuɗin ya fita ba gardama. Ruwan hodar ya ɗan ja rai, shi ma ya tafi. Jan ne ya kafe, don jan takardar bikin nan ko a tafin hannu sai ya kwana uku.

Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Kafaɗunta suka fara raɗaɗi. Severo ya fita ya dawo da kofin shayin koka, ta sha a tsaye.

"Mamita tana nan?" ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"Tana nan. Ko motsi ba ta yi ba. In kika daɗe zan yi mata faci in sayar."

Ƙarfe uku saura minti goma bonet ya dawo fari tas, in ban da wuri ɗaya. A can gefe, saman fitilar hagu, wani ɗan siririn layi ya rage, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ya koɗe har sai an karkata fitila ake ganinsa.

"Shi ke nan, kin ci," in ji Severo. "Wannan ko mujiya ba za ta gan shi ba. Shafa manki mu tafi."

"Ni ina ganinsa."

"Ke kaɗai. Mutumin nan tun safe yake sha, zai zo yana ganin motarsa biyu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Na'urar ma ta faɗa mata: arba'in da tara. Duk wanda ya san hannunsa a nan yake tsayawa. Amma Nélida irin mutanen nan ce da in ta bar ɗigo ɗaya a mota ba ta iya cin abinci, kuma wannan halin ne ya kawo ta inda take. Ta sauya soso mai laushi, ta rage gudun inji.

"Sau ɗaya kawai," ta ce.

Ta bi wurin sau ɗaya. Layin ya ragu. Ta sake bi, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Da ta ɗaga injin ta juya sosan, sai ta ga fari a jikinsa. Fatar saman fenti ba ta da launi. Idan soso ya fito da farin mota, to an huda ta ke nan.

Ta share wurin. Jan layin ya tafi kwata-kwata. A madadinsa wani dusasshen tabo ne, zagayayye, girman kwabon boliviano biyar, ba ya ɗaukar haske, yana zaune a tsakiyar sheƙi kamar makahon ido.

Severo ya sauke fitilar. Wannan karon bai yi zolaya ba.

"Babu mai fenti?"

"Yau? Duk masu fentin garin nan ba mai iya tsayuwa da ƙafarsa kafin Alhamis."

Ta shafa sabon seramik a bonet da ƙofofi, hannunta yana aiki shi kaɗai. Ko'ina ya ɗauki ƙyalli ban da tabon. Ta jiƙa yatsa ta shafa masa, ya ɓace sarai, kamar ba a taɓa yin sa ba. Ta tsaya tana kallo ruwan yana bushewa, tabon yana dawowa daga gefe zuwa tsakiya. Ta sake jiƙawa, ya sake ɓacewa, ya sake dawowa. Ba ta san sau nawa ta yi haka ba.

"Wannan tabon ma ni na yi shi?"

Doña Casilda ce a bayanta, da kwanon miya rufe da faranti. Ba wanda ya ji shigowarta.

Nélida ta juyo. Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, amma ta kasa ɗaukarta.

"A'a, Mamita. Naki duk ya fita. Wannan hannuna ne."

Tsohuwar ta sunkuya ta daɗe tana duban wurin. Ta ajiye kwanon kan benci, ta koma gefe ta zauna a kan wata jarka, ta harɗe hannu.

Huɗu saura kwata mai motar ya iso, kuma ba shi kaɗai ba. Bas guda ce ta tsaya a ƙofa, Don Froilán ya sauko da jar fuska da farar hoda a kumatu, matarsa Doña Remedios tana biye cikin zinarenta da jakar takardun biki a hannu, direbobi shida suna bayansu da akwatunan giya. Wato shaidu ya taho da su. Nélida ta matsa ta tsaya a kusurwar hagu, ta jingina ƙugunta daidai saman fitilar.

Don Froilán ya zagaya motar a hankali, hannu a baya. Ya leƙa fuskarsa a ƙofa ya gyara gashin baki. Ya durƙusa ya hango gefen motar ta ƙasa, ya miƙe da nishi.

"Kun gani?" ya ce wa direbobin. "Ku da kuke wanke mota da omo da tsohon singileti, ku zo ku ga aiki. Eusebio, zo ka ga muninka a ƙofar nan."

Aka yi dariya. Ya zagayo gaba, ya dubi bonet daga dama, ya nufo hagu.

"Ɗan matsa, maestra, in ga wannan ɓangaren."

Nélida ba ta matsa ba. Ta riga ta shirya kalmomin tun ɗazu: Don Froilán, akwai wurin da na ƙona, zan biya fenti. Ta san kuma abin da zai biyo baya. Kafin dare labarin zai kai kowace tasha, kuma ba za a ce Nélida ta ƙona fenti ba, za a ce ai dama mace ce. Ta buɗe baki.

"Kai Froilán, kallon ya isa haka," in ji Doña Remedios. "Rana na faɗuwa, motar nan ita kaɗai ce ba a shayar ba. Ku buɗe kwalabe."

"A'a, Doña Remedios." Maganar ta fito wa Nélida da kanta, maganar da take gaya wa kowane mai mota. "Na gaya masa tun farko, kwana bakwai ba ruwa, balle giya. Za ta yi tabo, kuma tabon ba ya fita."

Don Froilán ya tuntsire da dariya.

"In hau mota ranar Talatar ch'alla ba a shayar da ita ba? So kike in ƙare a ramin hanya? Tabo ai ado ne, maestra." Ya juya ga mutanensa ya ɗaga hannu. "Ku shaida, ta faɗa, ni na ƙi ji. Duk abin da ya samu fentin nan daga yanzu, a wuyana yake."

Severo, daga bakin ƙofa, ya dubi Nélida ya kawar da kai. Ga hanya ta buɗe, amma tana tsaye a kan tabon, kuma da zarar ta matsa, kafin giya ta kai wurin, ido goma sha shida za su riga ta.

Don Froilán ya girgiza kwalba, ya sa babban yatsa a bakinta. Sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar da ke zaune a kan jarka.

"A'a, Doña Casilda, ashe kina nan? Ni da na girma da miyarki tun ina kwandasta, in riga ki? Babba ke farawa. Zo ki sa mana hannu, mamita."

Doña Casilda ta miƙe a hankali ta karɓi kwalbar. Ta sa ɗaya hannun cikin jakar Doña Remedios ta damƙo jajayen takardu. Kowa a garin nan ya san da tayoyi ake farawa, na dama na gaba, a zagaya, domin su ne suke taɓa ƙasa. Ita ko kallon tayoyin ba ta yi ba. Ta nufo 'yarta kai tsaye ta tsaya dab da ita, faffaɗan siket ɗinta ya rufe fitilar.

"Mamita..."

"Matsa, 'yar nan. Naki aikin ya ƙare."

Nélida ta matsa. Kafin ta gama ɗauke ƙugunta giya ta riga ta sauka, kumfa ta rufe wurin. Tsohuwar ta juye kwalbar kaf a wannan kusurwa ɗaya, ta ɗora jajayen takardun a kai ta danna da tafin hannu, ta daɗe tana dannawa. Ta roƙa wa motar hanya mai kyau, ta roƙa wa mai ita dawowa gida lafiya, muryarta ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya.

Daga nan wuri ya kaure. Kwalabe suka fashe da kumfa, aka yi wa motar wanka tun daga rufi har taya, aka naɗe ta da takardu fiye da na safe. Wani ya cusa wa Nélida kofi a hannu, wani ya rataya mata zare a wuya. Direban da ake kira Eusebio ya ce ranar Litinin motarsa ce ta farko, kada ta ba kowa layinsa. Don Froilán ya riƙe hannunta da hannu biyu yana jijjigawa, yana cewa daga yau duk wanda ya ƙara maganar hannun mace shi da shi ne. Ta yi murmushi inda ya kamata, ta yi godiya inda ya kamata. Abin da ta yi shekara bakwai tana jira ke nan, kuma ba ta ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Da suka tafi da motar, Severo ya ja ƙyauren ya bar su su biyu. Ƙasan garejin ya yi kaca-kaca da giya da furanni. Doña Casilda tana tsaye inda motar ta tashi, tana duban tafin hannunta da ya rine ja.

"Mamita, maganar da na gaya miki da safe..."

"Shekara hamsin ina yi wa Pachamama yayyafi," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Ban taɓa tsallake tayoyi ba. Ban kuma taɓa yi mata ƙarya ba sai yau."

Ta miƙo jan hannun.

"Kawo min ruwa in wanke hannuna."

Nélida ta ɗebo ruwan ɗumi a bokiti, ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta kama hannun tana cuɗawa da sabulu. Ta san jan ba zai fita yau ba, amma ta ci gaba da cuɗawa, tsohuwar kuma ba ta janye hannun ba.